Asibitin Itatuwa a Bayan Katangarmu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Mai Dashe, gajera kuwa, idan na tsaya wajen igiyar shanya ina ganin tsakar gidansa kaf. Saboda haka duk mai son yin maganarsa a layin nan ya dakata sai na gama tawa. Ni na fi kowa shaƙar warin takinsa, a kwanukana ƙudajensa suka fi sauka, kuma ni ɗin ce ke cewa mutanen layin nan sun kusa tafka abin kunyar da jikokinsu za su gada.

Layinmu a bayan gari yake, inda gidaje ke fara ja da baya da juna, gonaki na kutsowa tsakani. Kowa da filinsa mai faɗi. Lokacin da muka tare babu inuwar da za a ɗaure akuya a ciki. Yashi ne fari fat, da rana ko ƙadangare sai ya riƙa ɗaga ƙafa.

Mai Dashe ya rigaye mu zuwa. A da mai kula da lambu ne a wani babban otal a cikin gari, har ranar da tsani ya zame da shi yana sassabe reshe. Ƙafar ta ɗoru a karkace, otal ɗin kuma ba ya son mai ɗingishi a gaban baƙi, aka sallame shi. Bai tsaya kuka ba. Ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ya ɗora mata tankin ruwa, ya nemi magidanta irinsa da suka iya riƙe shebur, ya shiga yi wa mutane gyaran fili. Shi ke shimfiɗa ciyawa a gidajen masu hali, ya dasa shinge, ya jera furanni a bakin ofisoshi da makarantu, ya riƙa komawa yana yi musu aski da almakashi. Gidansa shi ne ofis, shi ne sito, shi ne wurin renon.

In ka shiga gidan sai ka yi tafiya a kaikaice. Baƙaƙen ledoji ne jere sahu-sahu, kowace da ɗan tsiro a ciki, a ƙarƙashin rumfar raga. Tiyo a nannaɗe kamar maciji, diga da shebur jingine da bango, injin yankan ciyawa a lulluɓe da tsohon bargo kamar mai zazzaɓi. Tarin taki kuma a kusurwar da ta haɗa da katangarmu, sa'ata ke nan. Matarsa, wadda nake kira Yaya don ta girme ni, ta ce ko a falo ba ta tsira ba. Saman kabad iri ne ake shanyawa a faranti, bahon wankinta ma ta neme shi ta rasa, sai ta tarar an huda masa gindi an shuka wani abu a ciki. Takan ce ita ba miji ta aura ba, lambu ta aura.

Amma abin da ya raba shi da sauran masu sana'arsa shi ne ba ya dawowa da mota wayam. Masu kuɗi sukan gaji da itace kamar yadda suke gajiya da labule. A ce masa tumɓuke wannan gwaibar, za a zuba siminti. A ce cire wannan shingen, uwargida ta ga wani iri a gidan ƙawarta. Wasu a juji suke zubarwa. Shi kuwa sai ya haƙo abin da ƙasarsa, ya naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ya kawo gida. Yana da wani sahu a jikin katangarmu da yake kira asibiti. Nan yake rage musu ganye, ya kafa musu sanda, ya yi musu laima da kwali, ya riƙa leƙa su safe da yamma. Wasu su mutu, da yawa su farfaɗo.

Na taɓa tambayarsa ta kan katanga ko nawa yake sayar da waɗanda suka warke. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

"Maƙwabciya, ana sayar da majinyaci ne? Sallamarsa ake yi."

Sallamar kuwa ita ce ya zo ƙofar gidanka da shebur, ya tambaye ka ko kana son inuwa, ya haƙa rami ya dasa. Haka layinmu ya yi kore. Dogonyaron da Tela ke ajiye keken ɗinkinsa a ƙarƙashi daga asibitin ya fito. Gwaibarmu da lemon tsaminmu haka. Mai Bene, wanda ya zo daga baya ya gina gidan sama a ƙarshen layi, tun fenti bai bushe ba aka jera masa shingen furanni da 'yan lemuka a jikin katanga, kyauta.

Sannan ga ruwa. Kullum da yamma in ya dawo daga aiki, abin da ya rage a tanki ba ya kai shi gida. Motar za ta shigo layi a hankali, ta tsaya a gindin kowane ƙaramin itace, ya sauko ya zuba masa da tiyo, ya hau, ya matsa gaba. Kowa na gani. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, kamar fitowar rana.

Ba zan yi ƙarya in ce ba shi da abin damuwa ba. Ranar da aka sauke sabon kashin kaji, ko ƙofa ka rufe sai ya biyo ka ɗaki. Motar nan da sassafe sai ta yi tari kamar tsohon mashayin taba kafin ta tashi. Da damina tayoyinta sukan farfashe layin. Masu zuwa sayen fure suna tare wa mutane ƙofa da motocinsu. Sau ɗaya kuma Tela ya ga maciji a bayan shagonsa, ya rantse daga cikin ledojin nan ya fito, kamar da can ba a daji muke zaune ba.

Mai Bene ne ya fara. Ba mugun mutum ba ne, in za a faɗi gaskiya. Ya ajiye aiki a birni ya zo neman shiru, matarsa kuma tana fama da ciwon ƙirji, warin takin na tayar mata da tari. Ya ce shi gida ya saya a unguwar zama, bai sayi maƙwabtaka da kamfani ba. Tela ya kama masa. Aka fara zaman shawara da la'asar. Kun san a ina? A inuwar dogonyaron mutumin. Suna zaune a kan benci a ƙarƙashin itacen da ya yi jinya da hannunsa, iska na kaɗa su, suna tsara yadda za a tashe shi. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har da maigidana a ciki. Kafinta ne, shagonsa a gaban gidanmu. Na tare shi na tambaye shi wane ne a layin nan ba ya sana'a a gidansa. Shi da zartonsa da gudumarsa tun safe, Tela da janaretonsa mai hayaƙi, gidan can da injin niƙa, dukkansu salla suke yi ke nan? Ya ce ai nasu ba ya wari. Na ce nasu ba ya inuwa kuma. Ya ce matsalata baki. Na ce na gode, shi ma tasa matsalar ai ta kunne ce, duk wanda ya riga hura masa shi ke da shi. Na tambaye shi ko cikinsu akwai wanda ya taka ya je ya gaya wa Mai Dashe abin da ke damunsu. Sai ya ce da wane ido za a kalli mutumin da ya dasa maka itace a ƙofar gida a ce masa yana wari. Kun ji fa. Kunyar faɗa masa suke ji, amma ba su ji kunyar kai shi ƙara hukuma ba.

Jami'in tsabta ya zo wata safiya, ya zaga gidan yana toshe hanci da hankici. Ina tsaye wajen igiyar shanya da rigar da na daɗe da gama matsewa. Ya yanke cewa daga ranar mota ba za ta ƙara shiga layi ba, taki da ledoji da duk kayan sana'a kuma a kwashe su daga gidan kafin ƙarshen mako. Mai Dashe bai ɗaga murya ba. Ya ce taki zai kwashe, amma itace ba buhun siminti ba ne, in aka ɗaga shi cikin zafin nan rana ɗaya kashe shi aka yi, a yi masa haƙuri zuwa faɗuwar damina. Jami'in ya dubi sahun asibitin, ya yi ɗan tunani, ya ce to, ruwan farko, ba ƙari.

Masu ƙarar sun ɗauka kaya kawai za a matsar. Ba su san ba a renon tsiro daga nesa. Yana son ruwa safe da yamma, yana son ido a kansa saboda awaki da masu dogon hannu. Inda ledojin nan suka koma, can mutumin zai kwana. Ma'ana sai ya sayar da gidan da ya gina da karyayyar ƙafa, ya nausa can cikin daji ya fara daga tushe, da furfurarsa. Na shiga wajen Yaya na tarar tana naɗe kwanukan tangaran da tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai a ɗakin nan ta haifi autarta.

A tsakiyar gidan akwai wani mangwaro, shi ne majinyacin farko. Tun itacen yana ƙarami Mai Dashe ya ɗauko shi daga wani fili da aka cinna wa wuta, gefe ɗaya a ƙone. A inuwarsa Yaya ke wanke-wanke da karɓar baƙi. Ya ce ba zai bar shi ba, duk wanda ya sayi gidan sare shi zai yi. Na ga ya rage masa rassa, ya haƙa rami rabin zagaye a gindinsa, ya datse saiwoyin wannan ɓangaren, ya cike ramin da yashi da ruɓaɓɓen ganye. Ya ce haka ake tayar da babban itace. A yanke rabi a jira ya fitar da ƙananan saiwoyi a kusa da gindi, sannan a yanke ɗaya rabin, don ya saba da rashi kafin a ɗaga shi. Ya ƙara da cewa ba lokacinsa ba ne, rana ta yi yawa, amma ba shi ya zaɓi lokacin ba.

Motar ta koma kwana a bakin titi. Layi ya yi tsit, aka sami shirun da ake nema. Bazara kuwa ta buɗe wuta. Manyan itatuwa ba su damu ba, saiwarsu ta yi nisa. Ƙananan ne suka fara sunkuyar da kai. Shingen Mai Bene ya yi yaushi, 'yan lemukansa suka naɗe ganye, wani ƙarami da ke ƙofar Tela ya fara zubarwa. Ni na riƙa zuba wa nawa ruwan wanke-wanke, na ƙudurta a raina zan zauna in kalli na sauran suna bushewa ɗaya bayan ɗaya, in ji daɗi. Sai ɗuwawu ya yi ƙurji ake sanin amfaninsa.

Wata yamma ina tsintar shinkafa na ji ƙiiƙi, ƙiiƙi a waje. Na leƙa. Mai Dashe ne da baro, jarkoki cike da ruwa daga rijiyarsa, yana turawa cikin yashi. Tayar na nutsewa, yana dogara ƙafar kirki yana jan ɗayar, rigarsa ta manne a baya. Ya wuce ƙofarmu, ya wuce ta Tela, bai tsaya ba sai jikin katangar Mai Bene. Na yafa mayafi na bi shi, ko takalmi ban saka daidai ba.

"Baban Auta, lafiyarka kuwa? Gidan wa kake shayarwa?"

"Sannu Maƙwabciya. Waɗannan ne suka fi jin jiki, ba su daɗe da sallama ba."

"Mutumin da ya tashe ka daga gidanka. Ka bar su su bushe mana, ya fito ya ga aikinsa."

Ya sauke jarka, ya karkata bakinta a hankali don kada ruwan ya tone gindin. Sai da ƙasa ta shanye ya ɗago.

"Itacen ne ya kai ƙarata?"

Ni dai ba a rufe mini baki. Na ce masa wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce. Ya yi dariya ya ce ya ji, in ɗan riƙe masa baron kada ya kife.

Haka ya riƙa yi kullum. Ya dawo daga aiki a gajiye, ya ajiye mota a titi, ya tako gida, ya ɗauki baro. Aikin da tiyo ke gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya kai shi faɗuwar rana, yana kai da komo. Bai yi don a gani ba, ai ko kansa ba ya ɗagawa. Amma kukan tayar nan ya fi tarin motar shiga kunne. Da an ji ƙiiƙi sai benci ya watse. Tela ya ƙirƙiro wa kansa sayen zare kullum a daidai lokacin. Maigidana kuwa gudumarsa ke yin shiru har sai baron ya wuce. Ni ban raga masa ba. Nakan leƙa shagon in ce masa ga kamfanin da ya dame ku can yana shayar da gwaibarka, ko za ka je ka ƙara kai rahoto.

Ranar da abin ya juya, hannun baron ne ya karye, daidai ƙofar shagonmu. Katako ne, ya daɗe da tsagewa. Jarkokin suka tuntsure, Mai Dashe ya durƙusa a kan gwiwar nan marar lafiya yana tare ruwan da ke malala. Maigidana ya fito. Ya ɗauki baron ya shiga da shi ciki, na ji zarto, na ji guduma. Ya fito da sabon hannu, ya ɗiga wa tayar baƙin mai. Mai Dashe ya miƙa hannu zai karɓa, maigidana ya ƙi saki.

"Baban Auta, nuna mini waɗanda suka rage."

Shi ya tura har ƙarshen layi, Mai Dashe na binsa yana cewa a hankali, ba wanka ake yi musu ba. Ina tsaye ina kallo. Aurenmu ya daɗe, amma rabon da mutumin nan ya burge ni haka har na manta.

A can suka ci karo da Mai Bene, ya fito da carbinsa a hannu. Na matsa kusa, don ba a ba ni labari in ina da ƙafa. Ya daɗe yana kallon shingensa da ya miƙe. Sannan ya ce shi fa ba zai yi munafunci ba, maganar wari da ta hayaniyar asuba yana nan a kanta, matarsa ba ta barci don tari. Mai Dashe ya ce gaskiyarsa, kuma bai san uwargidan ba ta da lafiya ba. Ya ce taki ba dole ne ya kwana a gida ba, ya ajiye shi nan ne don ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

"Da ka ƙwanƙwasa ƙofata, Alhaji. Ba ta da nisa."

Mai Bene ya ce ya yi niyya ba sau ɗaya ba, in ya fito ya ga furannin sai ya koma.

Abin da aka kasa faɗa shekara da shekaru, a tsaye aka gama shi kafin jarka ta ƙare. Maigidana yana da wata gona da ya bari tana hutawa a bayan layi, ya ce a kai takin can, ko banza ƙasar ta amfana. Mota ta ci gaba da kwana a bakin titi, ta yi tarinta a can, ta shigo da yamma kawai don ruwa. Masu sayen fure su ajiye motocinsu a waje su tako. Ledoji da asibiti su zauna inda suke. Mai Bene da kansa ya saka babbar riga ya koma wajen jami'in. An ce jami'in ya yi ta mita, wai mutanen layinmu sun mayar da shi ɗan aike, amma ya yarda.

Tela bai ba da haƙuri ba har yau. Yana nan a kan maganar macijinsa, a ƙarƙashin dogonyaro.

Yaya ta warware kwanukanta ta mayar kabad, na taya ta, muka tarar har an riga an shanya iri a gurbinsu. Ta yi ta faɗa, ina jin daɗin faɗan.

Saura mangwaro. Kafin a sasanta Mai Dashe ya riga ya yanke ɗaya rabin saiwar. Ya mayar da ƙasa, ya tokare shi da sanduna ta kowane gefe, ya naɗe gangar jikin da jiƙaƙƙen buhu, ya koma jinyarsa kamar farkon zuwansa. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Kullum in na fito shanya sai na duba. Can sai ga jan toho ya ɓullo a rassan da ke kallon ɗakin Yaya. Ɗaya gefen bai motsa ba. Ya jira har damina ta yi nisa, ya ƙanƙare ɓawon da farce ya ga busasshe ne har ciki, ya ɗauko zarto ya cire shi.

Yanzu inuwar rabi ce. Yaya tana bin ta da kujera, da hantsi nan, da azahar can. Na ce wa Mai Dashe ni da ni ce, sai na ɗauki busasshen reshen nan na jingine shi a bencin Tela, kowa ya riƙa gani. Ya ce ai ya riga ya ba maigidana, wai zai yi ƙotar shebur mai kyau.